Kififiyar da Ba Ta Koma Ruwa Ba

Ranar da aka sace ƙararrawar coci, kaf mutanen tsibirin Boddam muka makara. Ni kaina sai da rana ta leƙo ta tsagar bango ta dafa mini fuska sannan na zabura, na zunguri mijina Polidor da ƙafa na ce, "Tashi, ko dai mun mutu ne ba a gaya mana ba?" Tun ina goye ƙararrawar nan ke tashinmu zuwa ɓarar kwakwa, ita ke kiranmu karɓar shinkafa, ita ke tara mu addu'a ran Lahadi tunda fada, limamin coci, sai shekara-shekara yake leƙo mu. Ran nan kuwa tsit, sai carar zakaru da rurin teku a bayan duwatsun murjani.

Jirgin da zai kwashe mu yana tsaye a bakin mashigar tafki, washegari da cikar ruwa zai tashi. An ce kowa ya bar tsibirin, ba dawowa. An riga an kwashe mutanen tsibirin Diego, mun kuma ji yadda aka kashe karnukansu. Kowa akwati ɗaya da tabarma ɗaya aka yarda ya ɗauka. Ka ji fa, rayuwar mutum guda a akwati ɗaya!

Muka tarar da jama'a cirko-cirko a ƙofar coci, an ɗaga kai ana kallon gungumen da babu komai a jikinsa sai guntun igiya. Manajan gonar kwakwa ya iso cikin farin gajeren wandonsa, wuyansa ya yi jawur. A bayansa ga Evarist helma, shugaban lebura, da tarin makullai a ƙugu. Shi ke kaɗa ƙararrawar tun kafin in yi aure, kuma ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Tunda matarsa Ozeli ta rasu a daminar bara, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Ba na ƙaunarsa, ba zan ɓoye ba, don ya sha kai ƙararmu.

"Kayan kamfani ne!" in ji Manaja. "Tare da sikeli da injin wuta za a loda ta."

Matant Noeli, wato Inna Noeli, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin tsibirin, ta buga sandarta a ƙasa. "Wane kamfani, Misie? Kakanninmu bayi ne suka yi nutso suka ciro ta daga jirgin da murjani ya fasa. Lokacin kakanka bai san hanyar nan ba."

"Babu ɗan nan wajen a cikinku, Matant. Duk aiki ya kawo ku."

"To wane aiki ya kawo cibiyata gindin kwakwar can?"

Manaja ya juya ya nuna Onezim, matuƙin kwalekwale, saurayi mai ƙarfi kamar sa, mai baki kamar reza. Ran Asabar a wajen rawar sega, da bammi ya hau masa kai, kowa ya ji shi yana rantsuwa gara ya jefa ƙararrawar a teku da a kai ta jirgi. Baki shi ke yanka wuya. Manaja ya ce a kulle shi a rumbun busar da kwakwa, ya ƙara da cewa jirgi zai fara tsayawa a ƙasar Sesel kafin Moris inda za a kai mu, kuma in ba a kawo masa ƙararrawa ko wani ɓarawon ba, a can zai miƙa shi ga 'yan sanda. Evarist da kansa ya danna kwaɗon.

Matar Onezim, Selina, cikinta haihuwa yau ko gobe. Marainiya ce, ba ta da kowa a Moris, ko mota ba ta taɓa gani ba. A gaban kowa ta durƙusa da ƙyar ta kama ƙafar mijina.

"Ton Polidor, kawu, kai ne mai ganin ƙasa. Kar a raba ni da shi."

Polidor dai maharbin kififiya ne, kunkurun tekun nan da ke hawowa gaɓa saka ƙwai. In ya dubi rairayi zai gaya maka wace ce ta hau, da yaushe, da inda ta binne. Aladen da ya tsinke, jakin matsar mai da ya ɓata, duk shi ake kira. Sai dai magana, ai sai ka roƙa. Aurenmu haka ya tafi, shi ya karanta sawu, ni in karanta bakin mutane. Ya ɗaga Selina ya ce, "Je ki zauna a inuwa." Ni na san ya karɓa.

*

A gaban coci babu abin gani, ƙafafu sun tattake komai. Ya zagaya baya, ya bi wata shara da aka yi da ganyen kwakwa har bakin ruwa inda ake jingine kwalekwale. Duk sun bushe ƙayau sai guda ɗaya da ruwa ya kwanta a cikinsa. Na Onezim ne. Na ce a raina biri fa ya yi kama da mutum.

Muka je rumbu. Onezim ya manna fuska a tsakanin katakai, warin kwakwa ya ishe shi.

"Kai ɗan banza," na ce, "me ya jiƙa kwalekwalenka?"

"Matant Ortans, ki rufa mini asiri."

"Asirinka ai yana rumbu tare da kai. Faɗi!"

Ashe urit ya je kamowa, dabbar ruwan nan mai hannu takwas da ke ɓuya a kogon murjani. Selina ce kwaɗayin ciki ya tasar mata, ta ce ba za ta bar Boddam ba sai ta ci miyar urit da madarar kwakwa ta ƙarshe. Manaja kuwa ya hana kowa taɓa kwalekwale tunda jirgi ya iso, shi ya sa ya yi gum.

"Yaushe ka dawo?" in ji Polidor.

"Kafin magariba, Ton. Na kwarfe ruwan tas, na kife shi."

"Itacen tuƙin fa?"

"A ƙarƙashi na tura shi, kamar kullum."

Mu kuwa a buɗe muka tarar da kwalekwalen, itacen tuƙin yana jingine da bishiya. Wani ya hau bayansa ke nan. Na yi murna, amma Polidor ya girgiza kai, ya ce Manaja ba zai saki mutum don an jingine itace ba.

*

Kafin hantsi ya yi zafi gari ya gama yanke hukunci, wai ma'aikatan jirgi ne. Baƙi ne, idonsu a kan tagulla yake, har wata ta rantse ta ga fitila a kan ruwa. Ni ma na yarda. Na kama kazata mai wake-wake, da ma ba za a bar ni in tafi da ita ba, na nufi rijiya inda kukun jirgin ya sauko ɗibar ruwa. Wani ƙaton Basesele ne mai tumbi, dariyarsa har tsuntsaye take tayarwa.

Ya karɓi kazar ya auna ta a hannu tukuna. "Madam, tambayi duk abin da kike so."

"Wa ya sauko daga jirginku bayan faɗuwar rana?"

"Ko ɓera. Tun rigimar Diego kyaftin ke ɗaure ƙaramin jirgi da sarƙa, makulli a wuyansa yake kwana." Ya kwashe da dariya. "Kuma Madam, ki yi tunani mana. Abin da gobe za a ɗauko a kawo mana har cikin jirgi, don me za mu sha wahalar sata?"

Na miƙa hannu in karɓi kazata, ya ɓoye ta a bayansa ya ce ai ciniki ya faɗa. Polidor na gefe yana tsinken haƙori, sai da muka yi nisa sannan ya ce, "Da kin tambaye ni." Na ce da ka yi magana bakinka zai yage ne?

*

Muka biya ta wajen Matant Noeli. Tana zaune a kan akwatinta a tsakar gida, jikoki na kama mata tantabaru tana sakinsu.

"Kuna wahalar da ƙafafunku a banza," ta ce. "Mutanen maƙabarta ne suka ɗauki abarsu."

"Haba Matant, matattu da ɗaukar ƙarfe?"

"Ke Ortans, tun ranar da na ciro ki kike musu. To ga alama. Da safe na je yi wa marigayi mijina sallama, na tarar kififiya ta hau ta yi ƙwai a tsakiyar kaburbura. Ta kawo musu guzuri ne, ta san za a bar su."

A wajenmu ƙwan da aka saka a maƙabarta na matattu ne. Ko yunwa za ta kashe ka ba ka tona shi, ba ka ma soka masa sanda. Na buɗe baki in ce Allah Sarki, sai na ga Polidor ya yar da tsinken bakinsa ya miƙe.

*

Maƙabartarmu tana can ƙarshen tsibiri, ta gefen tafki. Hanyar nan har gobe ina bin ta in na rufe ido. Ka bi ta ƙarƙashin kwakwa inda haske ke saukowa kore-kore, manyan ƙaguwoyin da ke fasa kwakwa da hannu suna ja da baya cikin ramukansu, fararen tsuntsayen da ba sa yin sheƙa suna zaune kan ƙwai guda a tsiraicin reshe suna kallonka ba tsoro. Babu tudu ko ɗaya a ƙasarmu, in ka tsaya a tsakiya kana jin teku hagu da dama. Da ka fito fili sai ga tafki kwance shuɗi, sauran tsibiran Salomon sun kewaye shi kamar an jera tukwane, kana hango kifi a ƙasan ruwa daga tsaye. Ran nan na tsaya kallo har Polidor ya waiwayo. Na ce ƙaya ce ta soke ni, amma kuka nake.

Sawun yana nan raɗau. Faffaɗar hanya daga bakin ruwa, tsakiyarta sumul inda ciki ya ja, gefe da gefe ga tambarin hannuwa, ta wuce yashi ta shige tsakanin gicciyoyi ta tsaya a wani tulin ƙasa. Polidor ya tsuguna. Ya daɗe har ƙafata ta yi tsami.

"Wanda ya yi wannan ya san kififiya," ya ce.

"Wanda ya yi? Ba ita ba ce?"

"Ortans, ga inda ta hau. Nuna mini inda ta koma."

Na duba dama, na duba hagu. Yashi fari fes, babu komai sai zanen ƙafar ƙaguwa. Kowace kififiya hanya biyu take bari, ta zuwa da ta komawa, ko yaron goye ya san wannan. In ka ga guda ɗaya to an kife ta an yanka, ga shi babu jini, babu ƙwarya, ko ƙuda babu.

"Ƙararrawa ya sa a buhu ya jawo daga kwalekwale," in ji Polidor. "Nauyinta ne ya yi masa hanyar ciki, ya bi da ɓawon kwakwa ya buga hannuwa. Da ya binne ta sai ya rasa abin da zai ja ya koma. Ya share ƙafarsa kawai ya tafi. Ya san babu mai tona ƙwan matattu."

"To wane ne?"

Ya nuna da haɓa. Tulin ƙasar a daidai ƙafar kabari ɗaya yake, wanda aka kewaye da fararen katantanwa, aka share shi tsaf. Kabarin Ozeli ne.

Jinina ya tafasa. "Evarist! Munafuki! Shi da ya danna kwaɗo da hannunsa!" Na tattare zani zan ruga, Polidor ya riƙe ni.

"In kika yi ihu, za a tone ta a kai jirgi."

"In na yi shiru kuma Selina ta haihu a titi ita kaɗai? Ƙarfe ya fi mutum ne?"

Ya tsaya yana kallon kabarin, sannan ya ce in je in gaya wa Manaja ya tara mutane da la'asar.

*

Aka taru a gindin bishiyar takamaka da ke gaban gidan Manaja. An fito da Onezim, Selina ta maƙale a hannunsa. Kukun jirgi da abokansa biyu sun zo kallo, Matant Noeli a kan kujerarta, Evarist a inda ya saba tsayawa, bayan maigidansa. A duk zamanmu ban taɓa jin Polidor ya yi doguwar magana irin ta ran nan ba.

"Mutanen jirgi ba su sauko da dare ba," ya ce. Kuku ya ɗaga hannu kamar an yi masa kirari. "Onezim ya hau kwalekwale, amma urit ya kamo wa matarsa. Wani ya hau bayansa."

"Wa?" in ji Manaja. "Suna nake so, ba tatsuniya ba."

"Misie, kififiya ta hau maƙabarta jiya, ba ta koma ruwa ba."

Manaja ya yi tsaki, amma mu 'yan gari sai aka fara kallon juna. Na ga maganar tana shiga mutane ɗaya bayan ɗaya. Matant Noeli ta dafe baki.

"Na san ƙofar da ta sauka," in ji Polidor. "Mai ƙofar yana nan tare da mu. Babba ne, ba na so in riga shi magana." Bai dubi kowa ba, ƙasa yake kallo. "Amma jirgi ba zai tashi da yaron nan a ɗaure ba. In rana ta taɓa ruwa zan faɗa."

Rana tana gangarowa bayan tsibiran can, ni kuwa ji nake kamar in fasa ihu. Selina ta fara kuka ƙasa-ƙasa. Sai muka ji ƙarar makullai. Evarist ya kwance su daga ƙugu, ya zagayo gaban tebur ya ajiye.

"Ni ne, Misie."

Manaja ya miƙe tsaye. "Kai? Kai da na ba amanar komai?"

"Ozeli ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba," in ji Evarist. "Ko da ta koma can, duk asuba in na kaɗa ta san ina nan. Gobe za mu tafi mu bar ta da ƙaguwa da tsuntsaye. Na duba gidana kaf, ban ga abin da zan bar mata wanda ta san muryarsa ba sai wannan."

Ni dai ban iya haɗiye tawa ba. "Shi ya sa ka kulle ɗan mutane? Ka dubi cikin yarinyar nan!"

Ya juyo ya dube ni, karo na farko a rayuwa. "Na zaci Manaja zai yi faɗa ya huce kafin azahar, Ortans. Na tsufa a bayansa, na ɗauka na san shi. Tun safe nake neman bakin magana, ban samu ba."

Manaja ya aika aka kawo shebur. Ya miƙa wa na kusa da shi, mutumin ya mai da hannuwa baya. Ya miƙa wa na gaba, haka. Ya bi layi har ya zo kan Onezim.

"Kai ne ya so ya hallaka. Karɓi ka tono ta, ka huce."

Kowa ya san Onezim ya sha rantsuwa sai ya fasa kan Evarist wata rana. Ya dubi shebur, ya dubi tsohon.

"Misie, ƙwan matattu ne. Ba a tonawa."

Manaja ya juya wajen mutanen jirgi. Kuku ya ja da baya, dariyar nan duk ta ɗauke. Ya ce gobe za su hau ruwa mai zurfi, ba za su ɗauki fushin kabari su ƙara a kan kaya ba. Manaja ya yi jifa da shebur.

"To. Na ce ƙararrawa ko ɓarawo. Na samu ɗaya."

*

Tafiyar jirgin nan ba na son tuna ta. A ƙasa aka zuba mu kan buhunan takin tsuntsaye, yara na amai, manya sun yi jugum. Da tsibiranmu suka fara nutsewa a bayanmu babu wanda ya yi waƙa.

A Sesel 'yan sanda biyu suka hau da ankwa. Evarist ya miƙa hannuwa da kansa. Aka sa masa, sai ya tsaya yana kallon akwatinsa, ba halin ɗauka. Duk muna tsaye, mu da ya kai ƙara, mu da ya tasa da asuba shekara da shekaru, babu wanda ya motsa. Onezim ne ya zame hannunsa daga na Selina, ya saɓa akwatin a kafaɗa, ya bi shi suka sauka tsani. Na leƙa ta gefen jirgi ina jin su.

"Ajiye nan, ɗana, ka koma kar a tashi a bar ka."

"Ton Evarist, wa ka sani a garin nan?"

"Babu. Hau ka je wajen matarka."

Onezim ya ajiye akwatin ya hawo da gudu, yana share fuska da gefen riga yana zagin rana wai ta shigar masa ido. Aka janye tsani. Tsohon yana tsaye a tsakanin 'yan sandan, bai ɗaga kai ba. Wannan ne ganinmu da shi na ƙarshe, kuma duk tambayar da muka yi daga baya ba mu samu wanda ya san inda aka binne shi ba.

Selina ta haihu bayan saukarmu Moris da 'yan kwanaki, a wata rumfar kwano mai yoyo kusa da tashar jiragen ruwa. Haihuwar ta zo da gardama, Matant Noeli ta kori maza duka, amma Onezim ya ƙi fita. Ya ce an riga an biya masa kuɗin zaman nan da tsada, babu mai tashinsa. Haka ya zauna a ƙasa cikin ruwan, kan matarsa a cinyarsa, har jaririya ta faɗo.